Nazarin lamari: kyaftin ɗin Nantoket da ya rasa jirgi biyu

Asali da gida, 1791 zuwa 1819

Nantoket wani ɗan tsibiri ne a gefen jihar Masachuset ta Amurka, kimanin mil 30 daga gaɓa, yawancinsa rairayi ne babu wata ƙasar noma ta a zo a gani, amma a wajajen 1820 mutum kusan 7,000 ne a cikinsa kuma suna da jiragen farautar kifin wel sama da 70. Abincin garin ke nan gaba ɗaya. Lokacin ba kananzir ba lantarki, man wannan kifin ake zubawa a fitila, da shi ake yin kyandir mai tsada, da shi ake shafe injuna. Wanda suka fi nema shi ne irin mai ƙaton kan nan, shi ne kuma ake samun ambar na turare a cikinsa. Jirgi in ya tashi sai ya yi shekara biyu ko uku bai dawo ba, kuma ba albashi ake biyan kowa ba, kaso ne, in an dawo an sayar da mai kowa ya karɓi rabonsa gwargwadon matsayinsa, in kuwa jirgi ya nutse to wahalar shekarun ta tafi a banza.

Wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu shi ne garin kamar gidan gandu yake, 'yan zuri'o'i ne kaɗan irin su Coffin da Starbuck da Folger da Macy suka yi ta auratayya tsakaninsu, saboda haka duk wanda kake aiki da shi a jirgi da wuya a ce ba ku haɗa kaka ba ko ba maƙwabcinku ba ne.

Mutumin da za mu bi lamarinsa, George Pollard, wanda zan riƙa ce wa kyaftin kawai, an haife shi a wannan tsibiri a 1791, mahaifinsa ma kyaftin ne. Ya yi shekaru yana aiki a wani jirgi mai suna Essex, daga mataimaki na biyu ya zama na ɗaya, a 1819 masu jirgin suka damƙa masa shi yana da shekara 28. A watan Yuni na shekarar ya yi aure, ran 12 ga Agusta ya tashi, wato amarya ko wata biyu ba ta cika ba. Jirgin tsoho ne, shekararsa 20, tsawonsa wajen mita 27, mutum 21 a ciki. Cikinsu akwai ɗan innarsa, saurayi ɗan shekara 17, uwar kyaftin da uwar yaron 'yan'uwa ne ciki ɗaya. Akwai kuma baƙaƙen fata bakwai da aka ɗauko daga wajen tsibirin don cike gurbi.

Alamar farko, Agusta 1819

'Yan kwanaki kaɗan da tashi guguwa ta same su da filafilai a buɗe, ta kwantar da jirgin a gefe guda, kafin ya miƙe ƙananan jiragen farauta biyu sun tafi, na uku ya lalace. Waɗannan ƙananan jirage su ne sana'ar, da su ake bin kifin a soke shi da mashi, babban jirgi aikinsa ɗaukar kaya ne da dafa kitse. Kyaftin ya ce a juya gida a gyara. Mataimakansa biyu, Owen Chase na ɗaya da Matthew Joy na biyu, suka ce a'a, a ci gaba a sayi wasu a hanya, don in aka koma gida ma'aikata za su gudu. Ya bi maganarsu. A tsibiran Kef Bad suka samu ɗaya, tsoho, suka saya.

Sun sha wuya wajen makonni biyar kafin su zagaye ƙarshen Kudancin Amurka a Janairun 1820, suka shiga tekun Fasifik, suka yi farauta a gefen Cile da Peru. Mutum ɗaya ya gudu a gaɓar Ekwado, saura 20. A Oktoba suka tsaya a tsibiran Galafagos suka loda manyan kunkuru sama da 200, saboda kunkurun can yana iya yin watanni ba ci ba sha yana raye, nama ne a ajiye. Daga nan suka nufi wani sabon wurin farauta can tsakiyar teku, inda ba ƙasa ko ta ina.

20 ga Nuwamba 1820, da shawarar da ta biyo baya

Da safe aka hango kifaye, aka sauke ƙananan jirage uku. Na Chase ya fashe sai ya koma babban jirgi yana gyara, yana cikin buga ƙusa sai ga wani ƙaton namiji, shi ya ƙiyasta tsawonsa kamar mita 26, ya taho ya daki jirgin da kai, ya wuce, ya juyo da gudu ya sake dukan gaba. Katako ya ɓurma. Cikin 'yan mintuna jirgin ya cika da ruwa ya kwanta. Kyaftin yana can nesa yana farauta, da ya waiwayo bai ga jirginsa a tsaye ba, da ya iso kuma aka ce ya zauna a cikin ƙaramin jirginsa ya kasa magana na ɗan lokaci, sannan ya tambayi Chase me ya faru, Chase ya ce kifi ne ya fasa mu.

Wurin kuwa yana kimanin mil 1,500 yamma da Galafagos, dab da layin ikwaita. Sun kwana biyu a gefen jirgin suna fasa shi suna ciro abin da zai ciru: busasshen biskit kimanin kilo 270, gangunan ruwa, kunkuru, bindigogi, kamfas da kayan auna rana da littattafan tuƙi. Suka ƙara wa ƙananan jiragen katako a gefe don igiyar ruwa, suka ɗinka musu filafilai.

Ran 22 ga wata aka zauna shawara, a nan lamarin ya rabu biyu. Kyaftin ya ce a nufi yamma, tsibiran da Tahiti take ciki, kimanin mil 2,000, iska tana bayansu, ya ƙiyasta wata guda ya isa. Akwai ma tsibiran Markesas da suka fi kusa, wajen mil 1,200. Chase da Joy suka ƙi, suka ce sun ji labari mutanen waɗannan tsibirai masu cin naman mutane ne. Shawararsu ita ce a gangara kudu kamar mil 1,500 har a samu iskar da ke busawa gabas, sannan a juya zuwa gaɓar Cile ko Peru, suka lissafa kwana 56, abinci kuma in an matse zai kai kwana 60. Kyaftin ya sake bin maganarsu. A wannan lokaci 'yan mishan na Ingila suna zaune a Tahiti tun 1797, sarkin wurin ma ya riga ya karɓi Kiristanci, amma labarin bai kai kunnen mutanen Essex ba.

Aka raba mutane, bakwai da kyaftin, bakwai da Joy, shida da Chase saboda nasa jirgin ya fi rauni. Kayan auna hanya kashi biyu ne kawai, saboda haka jirgin Joy bai samu ba, sai dai ya riƙa bin sauran.

A cikin ƙananan jirage, Nuwamba 1820 zuwa Fabrairu 1821

Rabon kowa a rana biskit kamar giram 170 da ruwa kamar kwatan lita, daga baya aka rage shi rabi. Ruwan teku ya jiƙa wani sashe na biskit ɗin, suka shanya suka ci, gishirin ya ƙara musu ƙishirwa. Iska kuma ba ta bi lissafinsu ba, maimakon kudu sosai sai ta yi ta tura su kudu maso yamma, wato suna ƙara nisa da inda suke so.

Ran 20 ga Disamba suka ga ƙasa. Tsibirin Handasan ne, ba kowa a ciki, su kuma sun ɗauka wani ne dabam. Suka samu wani idon ruwa mai daɗi da ke fitowa a dutse sai in teku ta janye, wannan ya cece su daga ƙishirwa, amma cikin mako guda mutum 20 sun cinye tsuntsaye da ƙwai da ƙaguwa da ɗan ganyen da hannunsu zai kai. Kimanin mil 100 kudu maso yamma akwai tsibirin Pitkan mai mutane da gonaki, ba ya cikin littafin tuƙinsu. Mutum uku suka ce su kam sun zauna, ba za su sake shiga teku ba. Kafin a tashi ran 27 ga wata kyaftin ya rubuta wasiƙu, ɗaya zuwa ga matarsa, ɗaya bayanin abin da ya same su ga duk wanda ya tsinta, ya sa a akwati ya kafe a jikin bishiya.

Daga nan abin ya yi muni da sauri. Sun so tsayawa a tsibirin Ista, iska ta wuce da su. Joy ya rasu ran 10 ga Janairu aka sa shi a teku. Bayan kwana biyu hadari ya raba jirgin Chase da sauran. A jirage biyun da suka rage abinci ya ƙare a wajajen 20 ga wata, mutane suka fara mutuwa, sauran suka yanke shawarar cin gawar, kuma mutum huɗu na farko da aka ci duk baƙaƙen fata ne. A ƙarshen Janairu cikin dare jirgi na uku, wanda ba shi da kamfas, ya ɓace da mutum uku, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Saura huɗu a jirgin kyaftin, dukansu 'yan Nantoket. A farkon Fabrairu ɗaya daga cikin samarin ya kawo shawarar a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa a kashe shi sauran su rayu. Kyaftin ya ƙi da farko, daga baya ya yarda. Ƙuri'a ta faɗa kan ɗan innarsa. Abin da shi kyaftin ya faɗa daga baya da bakinsa shi ne ya ce wa yaron in bai yarda ba zai harbe duk wanda ya taɓa shi, yaron ya ce rabonsa ne kuma ya karɓa. Aka sake ƙuri'a kan wanda zai yi harbin, ta faɗa kan abokin yaron, wanda shi ne ma ya kawo shawarar, ya harbe shi. Bayan 'yan kwanaki wani ya mutu da kansa. Ran 23 ga Fabrairu 1821 wani jirgin Nantoket mai suna Dauphin ya tsinci mutum biyun da suka rage, kyaftin da saurayin da ya yi harbin, a gefen Cile, ba sa cikin hayyacinsu, suna riƙe da ƙasusuwa suna tsotsa. Kwana biyar kafin nan wani jirgin Ingila ya tsinci Chase da mutum biyu, su ma sun ci gawar ɗan'uwansu ɗaya. Da labari ya isa Balfaraiso, tashar jiragen ruwa a Cile, kwamandan wani jirgin yaƙin Amurka da ke tashar ya shirya aka aika jirgi Handasan, ran 9 ga Afrilu aka ɗauko mutum ukun nan da ransu, aka kuma ɗauko wasiƙun kyaftin.

Cikin mutum 20, takwas suka rayu. Gawa bakwai aka ci. Baƙaƙen fata shida da suka shiga ƙananan jiragen babu wanda ya tsira.

Komawa gida, Agusta 1821

Chase da sauran sun riga shi isa gida a watan Yuni saboda shi jikinsa bai iya tafiya ba, shi sai 5 ga Agusta ya sauka, labari ya riga ya karaɗe garin. Abu mafi nauyi da ke jiransa shi ne innarsa. Da kansa ya je ya faɗa mata yadda ɗanta ya mutu ya kuma isar mata da saƙon yaron na ƙarshe. Wanda ya rubuta wannan daga cikin ma'aikatan jirgin ya ce matar ta fita hayyacinta, kuma daga ranar ba ta sake iya zama wuri ɗaya da kyaftin ba. A gari mai mutum 7,000 inda kasuwa ɗaya ce titi ɗaya ne, mutum ya auna abin da wannan ke nufi ga uwarsa da 'yar'uwarta.

Garin kuwa bai tuhume shi ba. Al'adar masu teku ta wancan zamani ta san ƙuri'a a halin matsi irin wannan, ba a kai kowa kotu ba, mutane dai suka yi gum, ba a son zancen musamman a gaban baƙi.

Gwaji na biyu, Nuwamba 1821 zuwa 1823

Maganin da garin ya ba shi, wanda shi ma ya karɓa, shi ne a mayar da shi teku nan take. Kyaftin ɗin jirgin da ya dawo da shi gida, Two Brothers, ya yaba da shi ya ba da shawarar a ba shi jirgin. Wata uku da 'yan kwanaki da saukarsa ya sake tashi, matarsa ta sake zama ita kaɗai. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka tsira daga Essex suka bi shi, har da saurayin da ya yi harbin. Wannan ba ƙaramar shaida ba ce kan yadda suka ga halinsa a cikin wancan jirgin.

A 1822 wani matashin sojan ruwan Amurka, Charles Wilkes, wanda daga baya ya yi suna wajen binciken tekuna, ya ziyarce shi a jirginsa ya tambaye shi yaya aka yi ya iya komawa teku, ya amsa masa da wani karin maganarsu cewa tsawa ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu.

Ran 11 ga Fabrairu 1823 suna tafe arewa maso yammacin Hawai tare da wani jirgi mai suna Martha, an yi kwanaki sama a rufe bai samu damar auna wata da taurari ba, yana tafiya da ƙiyasin gudu da lokaci kawai, ya ɗauka ya wuce wurin haɗari alhali bai wuce ba. Da dare jirgin ya hau duwatsun ƙarƙashin ruwa. Wanda yake wurin ya ce kyaftin ya tsaya ƙiƙam kamar hankalinsa ya tafi, da ƙyar aka shawo kansa ya shiga ƙaramin jirgi. Washegari Martha ta kwashe su, ba wanda ya mutu.

A hanyarsa ta komawa gida, a watan Afrilu, jirgin da ya ɗauko shi ya tsaya a Rayatiya, ɗaya daga cikin tsibiran nan da ya so kai mutanensa tun farko, ya tarar da 'yan mishan da coci. A can ya ba wani ɗan mishan mai suna George Bennet labarinsa duka, ya ce masa shi kam tasa ta ƙare, babu mai jirgin da zai sake amincewa da shi, kowa zai ce shi mutum ne marar sa'a. Haka kuwa aka yi, bai sake riƙe jirgin farauta ba.

Gadin dare, har zuwa 1870

Ya koma gidansa da ke titin Centre ya zama mai gadin dare na gari, yana yawo da sanda yana kora yara gida in ƙarfe tara ta yi. A garin da ake auna namiji da yawan gangar man da ya kawo, wannan aiki yana can ƙasa. Ya yi shekaru da dama a kai. Waɗanda suka taso suna yara a lokacin sun tuna shi a matsayin gajeren mutum mai jiki, mai fara'a, mai son yara. Shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba, kuma suna tare har ƙarshe. Duk ran 20 ga Nuwamba yakan kulle kansa a ɗaki ya yi azumi don tunawa da mutanen Essex.

A 1852 marubucin nan Herman Melville, wanda labarin Essex yana cikin abin da ya gina shahararren littafinsa Moby-Dick a kai, ya zo tsibirin suka gaisa, daga baya ya rubuta cewa a wurin mutanen garin wannan mutum ba kowa ba ne, amma shi bai taɓa haɗuwa da wanda ya yi masa kwarjini kamarsa ba duk da tawali'unsa.

Chase kuwa hanyarsa dabam ce, ya zama kyaftin ya yi kusan shekara 20 yana samun nasara ya tara dukiya, amma da tsufa ya zo sai aka ga yana ɓoye abinci a saman gidansa, ciwon kai ya addabe shi, ya rasu a 1869 hankalinsa a taɓe. A wannan tsakanin garin kansa ya durƙushe: yashi ya hana manyan jirage shiga tasharsa, tashar garin New Bedford da ke babban yankin Masachuset ta ƙwace kasuwa, gobarar 1846 ta cinye tsakiyar gari, aka haƙo man fetur a Fensilbaniya a 1859, jirgin farauta na ƙarshe ya bar Nantoket a 1869. Kyaftin ya rasu a Janairun 1870 yana da shekara 78.

Abin da takardu suka riƙe

Mutumin da ba shi da ɗa ba shi da jika, kuma bai rubuta littafi ba, a ka'ida labarinsa ya kamata ya bi shi kabari ko ya koma tatsuniya, kuma ya fara komawa ɗin. An yi ta yaɗa cewa wai ƙuri'ar a kansa ta faɗa yaron ya karɓe masa. An kuma yi ta rubuta cewa shi kawun yaron ne. Abin da ya gyara na biyun shi ne rajistar zuri'a. Wata mata 'yar garin, Eliza Starbuck Barney, ta yi shekaru tana rubuta haihuwa da aure da mutuwar iyalan tsibirin, sunaye sama da 40,000, yanzu kundin yana hannun ƙungiyar tarihin Nantoket, kuma irin wannan lissafi ne ya nuna iyayensu mata 'yan gida ɗaya ne, 'yan zuri'ar Bunker.

Na farkon kuwa shaidu ne suka rushe shi. Chase ya buga nasa bayanin a 1821, amma bai ambaci cewa kyaftin ya so zuwa Tahiti shi ya hana ba. Wani kyaftin, Aaron Paddack, ya rubuta abin da ya ji daga bakin mutumin jim kaɗan bayan an ceto shi. Bennet ya rubuta nasa. Sai kuma Thomas Nickerson, yaron jirgi da ya shiga Essex yana ɗan shekara 14 ya kuma bi kyaftin a Two Brothers, ya rubuta nasa da tsufa a 1876 ya aika wa wani marubuci, littafin ya ɓace, aka tsince shi a 1960 a wani gida a jihar New York, aka tabbatar da shi a 1980, aka buga a 1984. A cikinsa ne aka ga zancen Tahiti da zancen komawa gida bayan guguwar farko. Wato sai bayan shekara 114 da rasuwar kyaftin jama'a suka karanta cewa sau biyu yana faɗin daidai ana rinjayarsa. A 2008 kuma masu nutso na gwamnatin Amurka suka ga anka da manyan tukwanen dafa kitse a wurin da Two Brothers ya fashe, a 2011 aka sanar cewa shi ne.

Hukunci

Kifin da ya fasa jirgi ba laifin kowa ba ne, ba a taɓa jin irinsa ba a lokacin. Mutum 12 da suka mutu kuwa, a ganina shawarar 22 ga Nuwamba ce ta kashe su, domin abincin da ke hannunsu ya ishe su zuwa Tahiti har da saura. An gina shawarar kan ji-ta-ji-ta game da mutanen da ba su sani ba, gudun gara suka faɗa gidan zago. Kyaftin yana da kaso babba a nan, shi ne mai magana ta ƙarshe kuma ya san abin da ya dace, amma ya bar mataimakansa biyu suka rinjaye shi kamar yadda suka yi a Agustan 1819. Jin shawara hali ne mai kyau a shugaba, sai dai a ranar nan mutum 19 suna buƙatar wanda zai ce na ji ku amma yamma za mu.

Mayar da shi teku bayan wata uku shi ma bai yi aiki ba, kuma yadda ya daskare a daren da Two Brothers ya fashe ya nuna mutumin bai warke ba. Abubuwan da suka yi aiki a teku kaɗan ne: matse rabon abinci tun ranar farko, idon ruwan Handasan, da cika alkawarin aika wa mutum ukun nan jirgi. A ƙasa kuma abin da ya riƙe shi shi ne bai ɓoye komai ba, ya faɗa wa Paddack, ya faɗa wa innarsa ido da ido, ya faɗa wa Wilkes da Bennet, sannan ya karɓi ƙaramin aiki ya zauna cikin mutanen da suka san abin da ya yi. Ina ganin shi ya sa ya tsufa da hankalinsa, Chase da ya ci gaba da samun nasara bai samu haka ba. Tsakaninsa da innarsa ne kawai ba abin da ya gyaru, kuma ba na ganin akwai wanda zai ce matar ta yi laifi.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari yana wajen rajistar. Kundin zuri'a ya kare kyaftin daga ƙarya saboda shi ɗan gari ne, an san uwarsa an san kakarsa. Baƙaƙen fata shidan nan ba 'yan gari ba ne, ba su da dangi a jirgin, su suka fi mutuwa da wuri, kuma 'yan Nantoket biyar sun fita da rai daga ƙananan jiragen su babu ko ɗaya. Ko rashin ƙoshin abinci ne tun kafin hatsarin, ko 'yan gari sun fi kula da junansu ne, masana tarihi suna tattauna duka biyun, ni dai ban yarda haɗuwar sa'a ce kawai ba. Sunayensu Lawson Thomas, Charles Shorter, Isaiah Sheppard, Samuel Reed, Richard Peterson da William Bond, kuma duk mai ba da labarin Essex ya kamata ya ambace su kamar yadda ake ambaton ɗan innar kyaftin.